Ciwon wuya ga mai cutar Parkinson: hanyar da muka bi a Garwa

Mahaifinmu ya shekara huɗu yana shan maganin cutar Parkinson, wadda mutane ke kira ciwon karkarwa, kafin wuyansa ya fara damunsa. Rawar hannun dama da jan ƙafa mun riga mun saba da su. Wuyan ne ya zo mana a baƙo, kuma sai da ya ci mana sama da wata biyu kafin mu gane cewa ciwo uku ne suka taru a wuri guda, kowanne da nasa magani. Zan jera matakan yadda muka bi su, da abin da aka nema a kowane wuri. Kuɗin da zan ambata abin da muka biya ne a lokacin, farashi kuwa yana bambanta daga asibiti zuwa asibiti.

Abin ya fara ne da asuba a watan Afrilu, tsakiyar bazara. Baba ya idar da salla, ya zo yin sallama, kai ya ƙi juyawa, sai da ya karkato da kafaɗa gaba ɗaya. A nan arewacin Kamaru duk wanda wuyansa ya sage a wannan lokaci na shekara, sanƙarau ake fara kawowa a rai, kuma daidai ne a kawo shi, domin Garwa da Marwa har zuwa Chadi duk cikin yankin da cutar ke yawo da rani suke. Ƙarfe bakwai muna ƙaramin asibitin unguwa. Mun sayi karne, wato littafin asibiti, sefa 500, muka biya 1,000 na ganin ma'aikacin jinya. Ya auna zafin jiki, 36.8. Ya kwantar da Baba rigingine, ya ɗaga kansa zuwa ƙirji, ya tambayi ciwon kai, amai, ƙin haske, da ko ya fara surutai. Babu ko ɗaya. Bambancin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, sanƙarau yana zuwa cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu, da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, kuma sunkuyar da kai gaba ne yake gagara. Taurin Parkinson kuwa a hankali yake shigowa, ba zazzaɓi, kuma ta kowane ɓangare aka juya kan za a ji shi da nauyi. Sai dai tsoho yana iya kamuwa da sanƙarau jikinsa bai yi zafi sosai ba, saboda haka in rikicewar tunani ko yawan barci ya haɗu da sagewar wuya, babban asibiti za a nufa a wannan sa'a, ba a jira wayewar gari.

An rubuta mana paracetamol da diclofenac. A nan muka yi kuskuren farko. Kwana huɗu da fara diclofenac, ciki ya soma yi wa Baba zafi da tashin zuciya. Aka aiki yaro wani kantin magani, aka ba shi metoclopramide, wanda ake sayarwa da sunan Primpéran. Kwana biyu bayan haka Baba ya kasa tashi daga kujera sai an kama shi, murya ta dushe, wuya ya zama kamar itace. Mun ɗauka ciwon ne ya ci gaba. Daga baya muka ji dalili: cutar Parkinson ƙarancin wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa mai suna dopamin, wannan maganin amai kuwa toshe hanyar dopamin ɗin yake yi, wato yana warware aikin da maganin Parkinson ke yi. Haka haloperidol da chlorpromazine da ake ba masu taɓin hankali, da wasu magungunan jiri irin su cinnarizine da flunarizine. Duk wanda ya miƙo muku maganin amai ko na jiri, ku fara gaya masa cewa mai Parkinson ne zai sha.

Mataki na biyu babban asibiti ne, wajen likitan kowa da kowa. Mun isa shida da rabi na safe. Ana fara biya a kes, wato wurin biyan kuɗi, a karɓi rasit, sannan a kai karne tebur ɗin masu jinya a auna nauyi da tansiyo, wato awon hawan jini, sannan a zauna a benci. An kira mu wajen sha ɗaya. A lura, a zaune aka auna tansiyon, aka samu 13/8, wato 130 bisa 80, aka ce lafiya lau, kuma wannan awon zaune shi ya ɓoye mana ɗaya daga cikin ciwukan uku har tsawon wata biyu. Likita ya tura mu hoton ƙashin wuya, ta gaba da ta gefe, sefa 10,000, washegari muka karɓa. Hoton ya nuna zaizayewar gaɓoɓi tsakanin ƙashi na biyar da na shida. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, kuma waɗannan na ƙasa su suka fi saurin gajiya, balle ga mutumin da ya shekara arba'in a sunkuye yana aikin allura a wuyan babbar riga. Aka ba mu abin ɗaure wuya na soso, wanda suke kira minerv, da takardar tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Mun fito da murna an gano ciwo. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Yawancin waɗanda suka haura sittin in aka ɗauki hoton wuyansu za a ga irin wannan zaizayewa, da masu ciwo da marasa ciwo, don haka hoton bai isa ya zama hujjar cewa daga nan ciwon yake ba. Minerv ɗin kuma Baba ya sa shi dare da rana mako uku, ga gumi ga ƙuraje, ranar da aka cire kai ya fi dā faɗuwa gaba, saboda tsokar da aka hutar ta yi sanyi. Kan babban mutum ya kai kilo biyar, tsokokin ƙeya ne ke riƙe da shi.

Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kaɗan ne a arewa, yawancinsu suna Yawunde da Duwala. Randebun da aka ba mu, wato ranar ganin likita, mako uku ne a gaba. Har mun fara lissafin tafiya kudu, mota zuwa Ngaundere kusan kilomita 280, daga nan jirgin ƙasa na dare. Da muka auna wahalar zaman mota ga mai ciwon wuya da kuɗin masauki, muka haƙura muka jira, kuma jiran ya fi. Ranar randebu mun biya sefa 5,000. Abin da ake bukata a hannu: takardar turawa, karne sabo da tsoho, hoton kansa ba takardar bayaninsa kaɗai ba, da kwalayen duk maganin da majinyaci ke sha, har da na hawan jini, na fitsari, na ƙarin jini, da jiƙe-jiƙen gargajiya. A zuba su a leda a tafi da su. Faɗin suna da ka ba ya wadatarwa, domin ƙarfin ƙwayar a jikin kwali yake.

Likitan matashi ne, Faransanci yake yi da ɗan Fulatanci, ni nake fassara. Ya ce, "Baba, ina ke ciwo?" Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi, likita." Sai da na ce, "Baba, don Allah ka gaya masa yadda ka gaya wa Inna jiya da dare," sannan ya ɗora hannu a ƙeya. Dattawanmu ba sa kai ƙarar jikinsu gaban baƙo, don haka a tafi da wanda yake kwana kusa da su. Likita ya kama tsintsiyar hannun Baba yana juyawa a hankali, ya ce ya riƙa buga ɗaya hannun a gwiwa, nan take taurin ya ƙaru, hannun yana tafiya ƙiris-ƙiris kamar haƙoran keken ɗinki. Ya kwantar da shi ya zare matashin kai, sai ga kan Baba tsaye a iska, tazarar yatsu uku daga gado, ya ɗauki lokaci kafin ya sauka. Ya jira ya ga ko wuyan zai miƙe a kwance, ya miƙe, ya ce wannan alama ce mai kyau, ƙashi bai daskare a lanƙwashe ba. Ya buga ƙaramar guduma a gwiwa da gwiwar hannu, ya sa shi ya ɓalle maɓallin riga ya mayar, ya sa shi tafiya zuwa ƙofa ya dawo. Sannan ya yi tambayoyin da muka kasa amsawa: ƙarfe nawa ciwon ke tashi, kafin shan magani ne ko bayansa, a tsaye ya fi ko a kwance, yana lafawa in ƙwaya ta fara aiki? Muka yi ta kallon juna. Ya ce a dakatar da diclofenac da maganin aman, a ajiye minerv sai in za a yi doguwar tafiya a mota, a ci gaba da paracetamol kada ya wuce gram 3 a yini, mu koma gida mu yi rubutu na mako biyu.

Wannan rubutu shi ne ginshiƙin komai, kuma da mun san haka da mun yi shi tun muna jiran randebu, mun rage wata guda. Littafin makaranta muka saya, kowane shafi kwana ɗaya. Ana rubuta lokacin da aka haɗiyi ƙwaya da agogo, ba "da safe" ba. Ana rubuta lokacin cin abinci da abin da aka ci, lokacin da ciwo ya taso da ƙarfinsa daga 0 zuwa 10, inda yake a wuyan, da halin da mutum yake ciki, zaune, tsaye ko kwance. Sai awon tansiyo sau biyu a rana, da safe da kuma bayan abincin rana. Mun sayi na'urar awo ta damtse sefa 22,000, ta wuyan hannu ba ta dace da mai karkarwa ba. Yadda ake yi: ya kwanta minti biyar a auna, ya miƙe tsaye a auna bayan minti ɗaya, a sake bayan minti uku, wani yana tsaye kusa da shi ko da jiri zai ɗebe shi. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10 ko fiye, to jini yana faɗuwa a tsaye.

Kafin kwana goma littafin ya fara magana da kansa. Ciwo na farko yana tasowa da asuba kafin ƙwayar farko, da kuma wajen awa uku da rabi bayan kowace ƙwaya, ya lafa minti 40 zuwa 45 bayan ta gaba. Tare da shi rawar hannu da nauyin ƙafa suke dawowa. Wannan taurin Parkinson ne, ƙarfin magani ke ƙarewa kafin lokacin na gaba ya yi, abin da yakan faru bayan an shekara da yawa ana shan levodopa, babban maganin Parkinson. Ciwo na biyu daban yake. Yana zuwa in Baba ya tashi tsaye, musamman bayan tuwon rana, daga ƙeya ya bazu kan kafaɗu biyu, daidai inda sandar mai ga-ruwa ke zama. Idanu su yi dishi-dishi, in ya kwanta minti kaɗan ya wuce kamar ba a yi ba. Awo ya nuna 140 bisa 85 a kwance, 105 bisa 65 a tsaye. Jini ne ba ya isa manyan tsokokin wuya da kafaɗa, shi ya sa ba man shafawa ko ƙwayar ciwon da ta taɓa shi. Na uku ɗan tsami ne mai zama kullum, da ƙaras-ƙaras in an juya kai, shi ne na ƙashin da hoto ya nuna, kuma shi ne mafi sauƙi a cikinsu.

A zuwa na biyu, likita ya fi minti goma yana karanta littafin kafin ya ɗago. Baba yana shan Modopar 125 sau uku a rana, kowane kafso yana da miligiram 100 na levodopa da 25 na benserazide. Ya mayar da shi sau huɗu, ƙarfe 6, 10, 2 da 6, ya ƙara kafso ɗaya mai sakin magani a hankali, mai alamar LP a kwali, lokacin kwanciya don asuba ta zo da sauƙi. Na faɗi wannan ne don a ga yadda ake gyarawa, ba don wani ya kwafa ba, domin levodopa da kansa yana saukar da tansiyo, kuma in ya yi yawa yana kawo murɗe-murɗen jiki da gane-gane. Saboda haka ne a rana guda ya cire ƙwayar sa fitsari da Baba ya daɗe yana sha don hawan jini, ya ce mu ci gaba da awo. Ya tambaya ko yana shan maganin prostat, wato kumburin da ke tsare wa tsofaffin maza fitsari, domin irinsu tamsulosin da alfuzosin su ma suna faɗar da jini a tsaye. Ya tambaya ko an taɓa ba shi Trivastal ko Sifrol, saboda wannan rukunin na magungunan Parkinson yakan sa kan wasu ya faɗo gaba har haɓa ta kusa taɓa ƙirji, kuma sau da yawa in likita ya janye maganin a hankali abin yakan gyaru. Artane da Baba ke sha don rawar hannu ya ce za a rage shi sannu-sannu a daina, ga mai shekara 71 illarsa ta fi amfaninsa: bushewar baki, taurin bahaya, riƙewar fitsari da mantuwa.

Mun tambayi babban hoto na IRM, wato MRI, mai nuna laka da jijiyoyi, wanda muka ji kuɗinsa ya haura sefa 100,000. Ya ce ba yanzu ba, ya lissafa abin da zai sa a yi shi da gaggawa: yatsu su riƙa mutuwa, abu ya riƙa suɓucewa daga hannu, ciwo ya riƙa sauka ta hannu ɗaya kamar jan wutar lantarki, ƙafafu su yi rauni fiye da yadda aka saba, fitsari ko bahaya ya riƙa kuɓucewa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa. Waɗannan alamun matsewar laka ne ko jijiya, kuma haɗarinsu shi ne a jingina su ga Parkinson a yi shiru. Akwai kuma wani nau'i da Baba ba shi da shi, inda tsoka ɗaya ke ɗaurewa ta murɗe kai gefe guda. Shi allurar botulinum ake yi masa a cikin tsokar duk bayan wata uku, tana da tsada, kuma sai an nemi inda ake yinta a manyan birane.

Dokar abinci ta fi komai wuyar shiga gida. Levodopa da sinadarin gina jiki na nama hanya ɗaya suke bi daga hanji zuwa jini, daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, suna gasa. Don haka a sha ƙwaya da cikakken kofin ruwa minti 30 kafin abinci, ko awa ɗaya bayansa. Littafin ya nuna ranakun da Baba ya haɗa ƙwayar ƙarfe goma da fura da nono, sai ta yi fiye da awa ba ta kama ba. Ba a hana shi nama, kifi, ƙwai, wake ko kindirmo ba, tsoho yana bukatarsu, an dai mayar da mafi yawansu abincin dare. In ƙwayar ta tayar da zuciya, ɗan biskit ko koko marar madara ya isa. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a raba ta da levodopa da awa biyu. Taurin bahaya ma yana jinkirta aikin magani, sai aka yawaita miyar kuka, kuɓewa, lalo da zogale, da gwanda. Don faɗuwar jini kuwa: ruwa lita biyu a yini ko fiye a zafin Garwa, rabin lita a shanye a tashi ɗaya kafin saukowa daga gado, a zauna a bakin gado minti ɗaya ana motsa ƙafafu kafin a miƙe, a raba tuwon rana gida biyu, a guji wanka da ruwa mai zafi sosai da tsayuwa a rana. Mun sa bulo ɗaya-ɗaya ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, ya ɗagu kamar santimita 15. Gishiri kada a ƙara sai da izinin likita, domin masu wannan matsala jininsu yakan hau in sun kwanta.

Daga nan sai ɗakin kine, wato masu gyaran gaɓoɓi da motsa jiki. Likita ya rubuta zama goma, sau uku a mako, sefa 4,000 kowane zama. Zaman farko ya tafi a banza saboda an ba mu ƙarfe tara da rabi, daidai lokacin da magani ke ƙarewa, jiki a sandare. Muka roƙa aka mayar ƙarfe sha ɗaya, awa ɗaya bayan ƙwaya. A nemi wannan tun ranar rajista. Matar da ke kula da shi takan fara da tawul mai ɗumi a ƙeya minti 15, ta murza tsokokin kafaɗa, sannan aiki. Ta zaunar da shi gaban madubi, domin mai Parkinson yakan ji kamar a miƙe yake alhali a sunkuye yake, ido ne ke gyara masa. Ta ce, "Alhaji, ja haɓa baya kamar kunkuru zai shige ƙoƙonsa, kada ka kalli ƙasa, kada ka kalli sama." A riƙe daƙiƙa biyar, sau goma. Sai juya kai dama da hagu kamar sallama, a tsaya inda ya tsaya daƙiƙa goma, sau biyar kowane gefe. Sai kai kunne wajen kafaɗa ba tare da ɗaga kafaɗar ba. Sai matse allunan kafaɗa biyu ta baya, sau goma. Sai tsayuwa jikin bango, duga-dugai da mazaunai da kafaɗu suna taɓawa, a kai ƙeya ga bangon ba tare da ɗaga haɓa ba. Ranar farko tazarar ƙeyar Baba da bango yatsu shida ce, a zama na goma ta koma uku, kuma wannan awo kowa zai iya yi a gida. Sai dafa dogaran ƙofa biyu a tura ƙirji gaba, saboda tsokar ƙirji da ta ɗaure ita ke jawo kafaɗa da kai. A ƙarshe tafiya da manyan taku ana wurga hannu ana ƙirga ɗaya, biyu da ƙarfi. Ta hana kewaya kai zagaye kamar dutsen niƙa, ta hana fizga, ta ce in jiri ya zo ko ciwo ya sauka hannu a tsaya. Zama goma koyo ne kawai. Aikin yana gida, minti 20 sau biyu a rana, kuma mako ɗaya da muka yi sakaci lokacin wani biki, tazarar bango ta koma yatsu biyar.

A gida abubuwa ƙanana ne suka sauya. Matasai biyu da Baba ke tarawa sun koma ɗaya siriri in zai kwanta rigingine, in a gefe ne kuma mai kaurin da zai cike tsakanin kunne da kafaɗa. Bayan azahar yana kwanciya a tabarma rigingine minti 15, nauyin kai da kansa yana miƙar da wuya. Kujerar roba mai zurfi an maye ta da ta katako mai miƙaƙƙen baya da wurin dafa hannu. Alƙur'ani da yake karantawa a cinya an ɗora shi a kan tebur mai tsayi, an kuma sake masa tabarau, domin wanda ba ya gani sosai miƙa wuya yake yi gaba bai sani ba. Ɗagowa daga ruku'u da sujada yana kawo jiri, sai limamin unguwa ya tabbatar masa cewa salla a zaune ta halatta ga mai uzuri, yanzu yakan fara a tsaye in jiki ya ba da hali, ya ƙarasa a kujera. Hawa moto, wato babur, mun daina, ramukan hanya kai tsaye wuya suke buga. Tausa da man kaɗanya Inna ke yi da dare, da tafin hannu, a kan tsoka ba a kan ƙashi ba, kuma ba a gefen maƙogwaro ba. Ruwan ɗumi a gwada shi a bayan hannu tukuna. Masu zuwa gaisuwa kowa da shawararsa, wani ƙaho, wani tsaga, wani ya san mai ɗori da ke murɗa wuya ya yi ƙara. Murɗa wuyan tsoho mai zaizayayyen ƙashi ganganci ne. Tramol na bakin kasuwa shi ma mun ƙi, yana ƙara jiri da taurin bahaya da rikicewa, yana kuma faɗa da wasu magungunan Parkinson irin su selegiline da rasagiline.

Matsalar da ba mu yi tsammani ba ita ce yankewar magani. Sau biyu muka zaga farmasi huɗu babu Modopar. Levodopa ba a daina shi kwatsam, yin haka yana iya kawo sandarewar jiki gaba ɗaya da zazzaɓi mai zafi da fita hayyaci, har ya kai ga rasa rai. Yanzu muna saye in saura na mako biyu, mun bar lambar waya a farmasi ɗaya suna yi mana oda, kuma mun sa likita ya rubuta a ordonans, wato takardar magani, abin da za a iya musanyawa da shi, wato levodopa da carbidopa, da adadinsa, don kada mai kanti ya yi lissafin da kansa. In an kwantar da majinyaci a asibiti don wani ciwo daban, a tafi da maganinsa a kuma tsaya a kan lokutansa, domin rabon magani na ɗakin jinya safe da yamma ne, ba ya bin agogon mai Parkinson. Da azumi ya zo mun koma wajen likita wata guda kafin a ga wata. Ƙwaya huɗu a yini da jinin da ke faɗuwa in ruwa ya yi ƙaranci ba za su haɗu da ƙishirwar Garwa ba. Baba bai so ba, sai da malaminsa ya zo har gida ya yi masa bayanin ciyarwa.

A bita ta wata na biyar ciwon asuba ya sauko daga 7 zuwa 3 a littafi, na tsaye kuwa sai ranar da aka manta ruwa. Kan bai koma yadda yake shekara goma baya ba, kuma likita bai yi mana alkawarin haka ba, cutar tana tafiya ne a hankali, lokutan magani za a ci gaba da gyara su. Randebu yanzu duk wata uku ne. Mako biyu kafin kowanne muna buɗe sabon shafi, mu rubuta ƙwaya da abinci da ciwo da awon kwance da tsaye, mu auna ƙeya da bango, mu zuba kwalaye a leda, sannan mu nemi a sa mu a layin da zai kai mu gaban likita wajen ƙarshen ƙarfin ƙwaya, don ya ga wuyan a lokacin da ya fi tauri.